Juma'ar Keffi a Bakin Mutum Biyu

Ranar Juma'a, 3 ga Oktoba 1902, Kyaftin Maloni, Razdan ɗin Turawan Ingila a Keffi, ya zauna a filin ƙofar fada ya aika a kira masa Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin. Magaji bai zo ba. Sai ya tura mataimakinsa, wani Bature mai suna Webster, wanda ya kutsa har cikin gida, mutanen gidan suka yi masa ca suka fito da shi da ƙarfi. Maloni ya ce masa ya je ya zo da sojoji. Kafin sojojin su iso Magaji ya fito a kan doki. Aka kashe Maloni a inda yake, aka kashe tafintansa Audu Timtim, Magaji da mutanensa suka fice daga gari suka yi arewa. Maloni gurgu ne tun wani rauni da ya samu a ƙafa a wani yaƙi can kudu, ba ya iya gudu, kuma babu makami a hannunsa.

Magaji ya isa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya riƙe wannan karɓa a matsayin hujja. Wata huɗu cif bayan kisan, ranar 3 ga Fabrairu 1903, Kano ta faɗa hannun rundunar Kanar Morland. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta bi baya.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma abin da na zayyana a sama ba ya cin fiye da 'yan mintoci a aji. Yara su rubuta kwanan wata, su rubuta sunaye, a wuce zuwa mulkin bayan fage. Abin da bai taɓa barina na wuce ba shi ne zaman jiran nan, tsakanin kira na farko da fitowar doki. Mutum ɗaya yana zaune a fili yana ganin an raina shi, ɗaya yana cikin gida yana ganin an ɗana masa tarko, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce a yi kira a ji ba, amma kowanne yana cikin duniyar da ɗayan bai taɓa leƙawa ba. Wannan zaman ne ya sa na fara rubuta ƙagaggen labari a kan abin da ya faru, kuma tun daga shafin farko na san baki ɗaya ba zai iya ɗaukarsa ba.

Masu ba da labarin nawa biyu ne, dukansu ni na ƙage su. Ɗaya matashin malami ne da ke yi wa Magaji aikin rubuta wasiƙu, ya yi karatu a Zariya, yana kwana a ɗakin da ke kusa da zaure. Ɗayan ƙaramin hafsan sojan Ingila ne, bai cika shekara a ƙasar ba, yana rubuta wa yayarsa wasiƙu zuwa gida. Ban ɗauki Maloni da Magaji su kansu ba, domin mutane ne na gaske, suna da zuriya, kuma ba na son in cusa musu maganar da ba su yi ba. Ƙananan mutanen da ke tsaye a gefensu sun fi ba ni sarari, kuma sun fi kama da mu masu karatu: suna ganin rabin abu, su cike sauran da zato.

Ga yadda safiyar take a babin hafsan. Yana rubuta cewa an ba wa mutumin nan dama har sau biyu ya zo ya yi magana cikin lumana, a fili, a gaban Sarkin Keffi, inda kowa zai shaida ba a yi masa komai a ɓoye ba. A ganinsa zaɓen filin ma adalci ne. Kyaftin ya zo ba bindiga, ya bar sojoji a baya, me ya rage kuma da mai neman sulhu zai yi? Da aka dawo aka ce Magaji ya ƙi fitowa, hafsan bai ga komai a ciki ba sai taurin kai da tawaye.

A babin magatakardan kuwa, filin nan shi ne babban abin tsoro. Magaji wakilin Sarkin Zazzau ne a Keffi, ba bara ba ne da za a aika yaro ya kira shi ya tsaya a rana a gaban talakawa, kuma ranar Juma'a, ana shirin masallaci. Babba idan yana son magana da babba, ana aiko da jakada tun da wuri, a yi gaisuwa, a sa lokaci, a shiga zaure a zauna. Kiran gaggawa a bainar jama'a ba shi da wata fassara a wurinsu sai kamu. Kuma ba daga sama suka ɗauko wannan fassarar ba. A farkon 1901 Turawa sun ci Kwantagora da Bida sun kawar da sarakunansu. A watan Satumba na shekarar suka shiga Yola, Lamiɗo Zubairu ya bar gari. A farkon 1902 aka yi wa Bauchi. Fatake suna kawo waɗannan labarai kasuwa tun kafin ƙurar ta lafa. Saboda haka rashin bindigar Kyaftin, wanda hafsan yake gani alamar amana, magatakardan yana ganinsa wayo: ya bar makami don a saki jiki, sojoji kuma suna nan kusa.

Sai shigar Webster cikin gida. A nan na fi daɗewa ina rubutu ina gogewa. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san tsakanin zaure da cikin gida akwai iyakar da ba a rubuta ba amma ba a ƙetare ta. Baƙo namiji yana tsayawa a waje ya yi sallama, a aiko yaro, a shimfiɗa masa tabarma. Ko aminin maigida ba ya wuce shigifa sai da izini. Hafsan nawa bai san da wannan ba. A wasiƙarsa ya ce abokin aikinsa ya bi ƙofa ɗaya zuwa ta biyu yana neman wanda zai isar wa da saƙo, sai kawai dakaru suka far masa ba gaira ba dalili. Magatakardan kuma ba ya iya tunanin akwai baligi mai hankali a duniya da bai san ba a shiga wa mutum iyali ba, don haka a wurinsa da gangan aka yi, an zo a keta haddin Magaji ne a gaban matansa don a nuna masa ba shi da sauran iko ko a cikin gidansa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, da ma'anar da tarbiyyarsa ta ba abin.

Amfanin baki biyu ke nan a labarin yaƙi. Idan mutum ɗaya ne ke ba da labari, mai karatu yana shiga rigarsa, abokin gaba kuma ya zama inuwa a bayan ganuwa. Idan biyu ne, mai karatu shi kaɗai ne ya ji ta bakin kowa. Yana gama babin hafsan ya shiga na magatakardan da sanin abin da magatakardan bai sani ba, yana kallon mutum yana gina tabbaci a kan kuskure, kuma ba shi da halin ya ce masa tsaya. Wannan ƙuncin da mai karatu ke ji shi ne abin da nake nema. Ba a samunsa ta hanyar marubuci ya fito ya yi wa'azi cewa al'adu sun bambanta. Sai an bar kowanne ya yi magana da cikakken yaƙini.

Mutum ɗaya ne a Keffi ran nan yake zaune a irin kujerar da mai karatu yake, wato Audu Timtim. Shi ke jin harsunan biyu, shi ke kai magana ya dawo da amsa. Ruwayoyin da aka tattara daga baya sun ɗora masa laifi mai yawa, cewa yana faɗa wa Magaji wani abu, ya faɗa wa Maloni wani, yana cin moriyar tsoron da kowanne ke yi wa ɗan'uwansa. Irinsa suna da yawa a zamanin, 'yan ƙasa da Turawa suka ɗauka aikin jakadanci da leƙen asiri, kamar Adamu Jakada da aka sani a Kano, kuma ikon da ke hannunsu ya fi albashinsu nesa ba kusa ba. Amma ina lura da yadda laifin tafinta ya yi wa kowa daɗi. Turawa sun samu hanyar cewa manufarsu ba ta da aibu, bara ne ya ɓata. Mutanen gari sun samu hanyar cewa Magaji ruɗarsa aka yi. Shi kuwa ya mutu a filin tare da maigidansa, ba zai tashi ya kare kansa ba.

Saboda haka ban ba shi babi ko ɗaya ba. Ana ganinsa ne kawai ta idon mutum biyun. A wasiƙun hafsan, mutum ne mai kaifin basira da ladabi, wanda ba don shi ba da ko ƙwai ba za su iya saye a kasuwa ba. A bakin magatakardan, wani ne da ba a san asalinsa ba, yana yawo cikin riga ta alfarma, yana karɓar gaisuwa da sunan Nasara, dattawa suna durƙusa masa don tsoro. Duk lokacin da ya buɗe baki yana fassara, hafsan yana jin rabin da ya fito da Turanci, magatakardan yana jin rabin da ya fito da Hausa. Na bar wa mai karatu ya jera rabi biyun ya ga inda ba su haɗu ba, ya yanke wa kansa hukunci ko ha'inci ne, ko tsoro, ko kuma ƙoƙarin mai tsakani ne na sassauta maganar da ya san in ta isa yadda take za a zubar da jini.

Irin wannan giɓi bai tsaya a Keffi ba, ya kai har saman mulki. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya yi shela a Lakwaja cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila, aka aika da takardar zuwa Sakkwato. Bayan an kawar da Sarkin Sudan na Kwantagora a 1901, ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman yana neman ya zaɓi wanda zai gaje shi. A wurin Lugga wannan karramawa ce, ya nuna ya san Sakkwato ce ke naɗi. Amsa ba ta zo ba, ya lissafa shirun cikin cin fuska. To amma a tsaya a fadar Sakkwato a duba: baƙo ya shigo ƙasarka da bindiga, ya kori wanda ka naɗa, sannan ya aiko maka takarda ka sa hannu a kan abin da ya yi. In ka amsa ka yarda da ikonsa, in ka zage shi ka jawo yaƙin da ba ka shirya ba. Shiru ma magana ce, sai dai Lugga ba irin maganar da aka yi masa ya ji ba.

Sai kuma wasiƙar nan da ta shahara, wadda Lugga ya ce ta iso masa wajen watan Mayu na 1902, inda aka ce Sarkin Musulmi ya faɗa masa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja a gaban hukumomin Landan. Fassararta ta Turanci ce ta yaɗu, kuma D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya yi doguwar muhawara a littafinsa na 1964 yana tuhumar yadda aka yi amfani da ita. A labarina wasiƙar tana wucewa ne ta gefe. Hafsan ya ji ana karanta ta a ɗakin cin abincin hafsoshi ya ce to, magana ta ƙare. Magatakardan, wanda sana'arsa ke nan, bai taɓa jin an yi zancenta ba.

A nan ne kuma nake jin tsoron salon da na zaɓa, domin yana da wata ƙarya da yake iya shigo da ita ba a lura ba. Idan aka jera baki biyu, kowanne da uzurinsa, kowanne da kuskurensa, mai karatu yana iya rufe littafin da tunanin cewa duk abin rashin fahimta ne, da an samu tafinta mai gaskiya da an sha hannu an rabu lafiya. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ba zan yarda littafina ya faɗe shi ba. An yi taron Balin, inda ƙasashen Turai suka shata ƙa'idojin rabon Afirka, a 1884 zuwa 1885. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar tafkin Chadi, suka sake gyara shi a 1898, ba tare da an tambayi Sakkwato ko Kano ko Damagaram ba. An riga an raba ƙasar tun kafin Maloni ya taka Keffi. Da Magaji ya fito ya durƙusa ran nan, da wata hujjar aka samo.

Don haka zaton Magaji cewa an zo karɓe masa iko daidai ne. Kuma zaton Maloni cewa Magaji ba zai daina kai hari yana kamo bayi ba shi ma daidai ne, domin Keffi tana cikin garuruwan da ke kai wa Zazzau gaisuwa, kuma bayin da ake kamowa daga ƙabilun da ke kewaye suna cikin abin da arzikin masu mulki ya dogara a kai. A kan manyan abubuwa sun karanci juna sarai. Inda suka yi ta kuskure shi ne ƙananan abubuwa: wa zai je wurin wa, wace ƙofa ake tsayawa, me shiru yake nufi. Rashin yarda daban, rashin fahimta daban, kuma babban aikin masu ba da labari biyu a wurina shi ne su raba wa mai karatu waɗannan biyun. Rashin yardar yana da tushe. Rashin fahimtar shi ya sa wa abin rana da sa'a, ya kuma ba kowane ɓangare labarin da zai riƙa ba wa kansa don kada ya dubi nasa nufin.

'Yan'uwanmu na Nijar suna da irin wannan a tarihinsu. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, bisa zargin yana kan hanyar ƙulla ƙawance da Rabe, wanda ke riƙe da Borno a lokacin. A shekarar da ta biyo Faransawa suka ci garin. Can ma ana iya rubuta babi biyu masu cin karo a kan abin da baƙon ya zo yi, kuma can ma layin da aka ja a Turai ya riga kowa isowa.

Abin da ya fi ba ni wahala, kuma ya fi ba ni amfani, shi ne abin da kowane mai ba da labari yake tsallakewa. Hafsan yana cika wa yayarsa takarda da zancen 'yanta bayi, kuma da gaske yake, ya ga kasuwar bayi da idonsa ta tayar masa da hankali. Amma ba ya ambaton 'yan dakon da aka tilasta wa ɗaukar kayansa, ko ƙauyen da aka ƙona don an ƙi kawo hatsi, sai dai a layi guda a ƙarshen wasiƙa tsakanin zancen zazzaɓi da na takalmi. Magatakardan yana magana a kan addini da mutunci da amanar Shehu, shi ma da gaske yake. Amma akwai wata mata a bayan gidan Magaji, an kamo ta daga duwatsu, ita ke kawo masa tuwo kullum, bai taɓa tambayar sunan garinsu ba. Bayan an watse, wannan matar ce ta bayyana a babin hafsan tana wanki a bariki, ya rubuta ta cikin waɗanda aka 'yanta, shi ma bai tambaye ta komai ba. Mai karatu ne kaɗai zai gane mace ɗaya ce, ta wurin tsagar fuskarta da kowannensu ya siffanta da kalmominsa.

Haka sojojin. Rundunar da ta ci Kano tana da baƙaƙen sojoji sama da 700, Turawan cikinta ba su kai 40 ba. Da yawan sojojin Hausa suke ji, wasunsu bayi ne da suka gudu ko aka 'yanta. Wato wanda ke kan ganuwa da wanda ke harbinsa daga ƙasa suna iya zagin juna da harshe ɗaya, su fahimci juna tsaf. Hafsan yana kiransu yarana, yana yabon jarumtarsu kamar yadda ake yabon doki. Magatakardan yana kiransu 'yan barikin da suka sayar da lahirarsu. Wannan ya isa ya nuna cewa ba Bature da Bahaushe kawai yaƙin ya raba ba, kuma duk littafin da ya tsaya a kan al'ada biyu suna kallon juna ya bar mafi yawan waɗanda suka yi harbin a waje.

Na karanta wa baffana wani babi na hafsan, dattijo ne da ya yi aikin En'e a ƙuruciyarsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, wato Nasaran ma ka ba shi baki? Su da suka rubuta nasu tun tuni, ɗakunan karatu cike, kai kuma ɗan filin da ka samu sai ka raba da shi?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, in na bar shi a waje zai zama dodo, dodo kuwa ba a tuhumarsa da laifi. Ina so a ga mutum ne mai uwa da yaya, mai tausayi ma, kuma duk da haka ya yi abin da ya yi."

Ya yi shiru, can ya ce, "To, kada dai ka sa shi ya yi magana kamar Bakano."

Wannan gargaɗin nasa shi ne matsalar sana'ar gaba ɗaya. Littafin da Hausa nake rubuta shi, ke nan Baturen ma da Hausa zai yi tunani a shafi. In na ba shi karin magana da habaici ya zama Bahaushe mai jar fata. In na ba shi gurguwar Hausa irin ta wasan kwaikwayo ya zama abin dariya, mai karatu ya daina jin tsoronsa. Abin da na yi shi ne na bambanta su ta abin da kowanne yake lura da shi. Hafsan yana ƙirga komai: mil nawa aka yi, harsashi nawa ya rage, mutum nawa suka kwanta ciwo. Jimlolinsa gajeru ne, yana yawan cewa na gani, na yanke shawara. Magatakardan yana auna lokaci da salla da damina, ba ya kawo labari sai ya ce wane ne ya faɗa wa wane, kuma da wuya ya ce ni, sai dai mu. Idan mutum ya shigo, hafsan tufafinsa da tsayinsa yake fara gani, magatakardan kuma ɗan wane ne.

Ban kuma yarda kowanne ya zama kakakin jama'arsa duka ba, domin ba haka tarihin yake ba. A ɓangaren Turawa akwai irin su Manjo Burdon da ke ganin girman sarakunan Fulani, kuma Ofishin Mulkin Mallaka a Landan bai ji daɗin yadda Lugga ya yi gaban kansa a kan yaƙin Kano ba. A namu ɓangaren, bayan Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, Waziri Buhari kuma ya zaɓi ya zauna ya yi sulhu don kada a bar talakawa ba jagora, har ya rubuta wa malamai risala yana bayyana hujjarsa. Magatakardan nawa yana da ɗan'uwa da ya tsaya, kuma gardamar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninsa da Bature zafi, don su suna jin juna.

Ranar 21 ga Maris 1903 Lugga ya yi jawabi a Sakkwato wajen naɗa sabon Sarkin Musulmi, Attahiru na Biyu. Ya ce kamar yadda Fulani suka samu mulki ta hanyar cin yaƙi a zamanin Ɗan Fodiyo, haka yanzu mulkin ya koma hannun Ingila, da ikon naɗi da na haraji. Ya kuma yi alkawarin ba za a hana kowa addininsa ba. Hafsan yana wurin, kuma rabin farko ya rubuta wa yayarsa, yana jin an yi magana ta gaskiya ba rufa-rufa. Magatakardan yana kan hanya tare da masu hijira, rabi na biyu ne ya iso masa ta bakin wani falke, ya ce alkawarin wanda ya shiga gidan mutane ba sallama ba abin dogaro ba ne. Tun daga Keffi bai sake ganin wani Bature kusa ba, amma shigar nan ta Webster ita ce ma'aunin da yake auna duk abin da suka faɗa.

Su biyun ba su taɓa zama sun yi magana ba a littafin, kuma ba za su yi ba. Na san akwai daɗi a babin da abokan gaba suke haɗuwa su gane ashe duk mutane ne, amma a 1903 ba a shirya wa ƙaramin hafsa da magatakardan Magaji irin wannan zama ba. Wuri na ƙarshe da suke tare shi ne Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, ɗaya a cikin gari ɗaya a waje, ranar da aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa, Magaji Ɗan Yamusa a cikinsu, aka kuma kashe Manjo Marsh a ɓangaren Turawa. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya gabas tare da ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Can magatakardan nawa yake ba da labarinsa, yana tsoho, ga jikokin da ba su taɓa ganin Keffi ba.

Maganar Baffa ta sa na sake duba rabon shafuka. Irin labarin hafsan ya shiga rahoton shekara, an buga shi a Landan cikin 'yan watanni, jaridu sun ɗauka, kuma a Keffi akwai dutsen da ake kira da sunan Maloni har gobe. Irin na magatakardan a baki ya zauna, da 'yan waƙoƙin ajami da wasiƙun da suka tsira. Idan na ba su babi ɗaya-ɗaya daidai wa daida, na nuna kamar da ƙarfi ɗaya suka shigo, alhali ba haka ba ne. Don haka a tsarin da nake kai yanzu magatakardan yana da babi biyu a duk babi ɗaya na hafsan, kuma wasiƙun hafsan suna ƙara gajarta bayan Kano, yayin da abubuwan da ba ya son yayarsa ta sani suke ƙara yawa.